Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Turancin mutanen Sikotlan ɗin nan ana gane shi kuwa?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da aka fara shirin tafiyar ɗalibai ta watan Satumba saƙonni ke ta shigowa a kan abu ɗaya, wato Turancin mutanen Sikotlan, shi ya sa wannan makon na bar musu filin gaba ɗaya. Kamar kullum na cire sunaye, wasu saƙonnin kuma na rage musu tsawo saboda wuri.

TAMBAYA: Salam Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne daga Zariya, Allah ya sa na samu tallafin karatu na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, zan je Aberdeen yin mastas a fannin man fetur in sha Allah. To jiya na kunna wani bidiyo a YouTube ana hira da wasu masunta na can yankin, wallahi Malam ko kalma biyar ban tsinta ba, alhali na ci jarrabawar Turanci ta IELTS da maki mai kyau. Tun jiya hankalina a tashe yake. Haka malaman jami'ar ma suke magana a aji? In haka ne ai na shiga uku.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya sanya alheri, ya sa a je a sa'a a dawo a sa'a. Ka kwantar da hankalinka, ba ka shiga uku ba, Turancinka kuma ba shi da laifi. Abin da ka ji a bakin masuntan nan ko mutumin Landan ka zaunar ya saurara sai ya sha wuya, kai ko ɗan Glasgow ma sai ya kasa kunne sosai. Sunan wannan karin harshen Doric, na arewa maso gabashin ƙasar ne, Aberdeen da garuruwan masunta irin su Peterhead da Fraserburgh da Buckie, kai kuma da ka tashi gwada kanka sai ka faɗa kan mafi kaurinsa gaba ɗaya.

Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba kafin su tafi shi ne harsuna uku ne a ƙasar. Akwai Gaelic, wannan ba ruwansa da Turanci ko kaɗan, ɗan uwan harshen mutanen Ailan ne, masu magana da shi a ƙidayar 2011 ba su kai dubu 60 ba kuma a tsibiran yamma ya fi ƙarfi, ba zai dame ka ba sai dai ka riƙa ganinsa a allunan tashar jirgin ƙasa. Akwai Turancin makaranta da ofis da labaran talabijin, wanda shi ne dai Turancin da ka sani amma da lafazinsu. Sai kuma Scots, wanda Doric reshensa ne. Shi Scots tushensu ɗaya da Turancin Ingila amma sun rabu tun da daɗewa kowa ya bi hanyarsa, lokacin da Sikotlan ke da sarkinta da majalisarta da shi ake rubuta doka, da shi ake magana a fada. A 1603 sarkinsu James na shida ya gaji sarautar Ingila ya tattara ya koma Landan, a 1707 aka haɗe majalisun biyu, daga nan Turancin Ingila ya ƙara kankane takarda da makaranta da neman aiki, Scots ya koma na gida da kasuwa da jirgin kamun kifi. Amma fa bai mutu ba, a 2011 kimanin mutum miliyan 1.5 ne suka ce suna iya magana da shi, a ƙasar da a lokacin duka-duka mutanenta ba su kai miliyan 5 da rabi ba.

Kuma ba wai an raba mutanen gida biyu ba ne, waɗannan na Turanci waɗancan na Scots. Mutum ɗaya ne zai yi maka Turanci tas a ofis, yana juyawa wajen abokinsa sai ka ji magana ta sauya kamar an canza tasha. Saboda haka a aji ba ka da matsala, malaman jami'a sun saba da ɗalibai daga ko'ina, da yawansu ma ba 'yan ƙasar ba ne, kuma Aberdeen gari ne na man fetur da ya cika da baƙi, 'yan Najeriya kam ba a magana. Inda za ka ji jiki shi ne wajen direban bas, mai gyaran famfo ko hita, mai gidan haya idan ya kira ka a waya, da dattijuwar maƙwabciyarka da za ta tare ka da hira a bakin ƙofa.

Ka ɗauka Bakano ne da bai taɓa fita gari ba aka sauke shi a kasuwar wani ƙauye a ƙasar Sakkwato, ya ji ana "hwari" da "tahi" da "kuɗɗi", ranar farko zai ce wannan ba Hausa ba ce, amma da zarar ya gane inda fa take komawa hwa shi ke nan rabin aiki ya ƙare. Doric ma haka yake, yana da ƙa'ida. Babbar ƙa'idarsa ita ce inda Turanci ke da wh su f suke sawa, what ya zama "fit", where ya zama "far", who ya zama "fa". Gaisuwarsu "fit like?" wato ya kake, kai kuma ka ce "nae bad" wato ba laifi. Yaro "loon", yarinya "quine". Sai wata ƙa'idar ta Scots gaba ɗaya, inda Bature ɗan Ingila zai ce house, down, out, su "hus", "dun", "ut" za ka ji, home kuma "hem", stone "sten" ko a Aberdeen "stin".

Bari kuma in faɗa maka abin da ba kasafai ake faɗa wa ɗalibanmu ba, kunnen Bahaushe yana da sa'a da Turancin nan fiye da yadda kake zato. Su suna furta r ɗinsu a fili, car da farm da water duk za ka ji r ɗin, ba kamar mutanen kudancin Ingila da ke haɗiye ta ba, wasu ma kaɗa ta suke yi irin yadda muke yi a "tara" ta lissafi. Wasalin da ke cikin face da goat ba sa lanƙwasa shi, "fes" da "got" suke cewa a miƙe kamar dai yadda muke faɗa a Najeriya. Sautin ƙarshen loch, wanda Turawan Ingila da yawa ke mayarwa k, duk wanda ya yi makarantar allo ya san shi, shi ne kha ta cikin "khairan". Sannan t ta tsakiyar kalma da suke yankewa, water ya zama "wa'ar", butter ya zama "ba'ar", ai hamza ce irin ta sa'a da jama'a da ma'ana. Sautukan duk kana da su a baka, abin da ya rage maka sabo ne da kalmomi.

Kafin ka tafi ka daina kallon masunta tukuna. Ka riƙa sauraron BBC Radio Scotland, musamman shirye-shiryen da mutane ke bugo waya, da zaman majalisar yankinsu ta yanzu, wadda ake kira Holyrood, na ranar Alhamis inda ake yi wa shugaban gwamnati tambayoyi, ana samunsa a intanet kyauta. Can za ka ji lafazin kowane yanki amma a tsare.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni nas ce 'yar Kaduna, wata na uku ke nan da fara aiki a wani gidan kula da tsofaffi kusa da Glasgow. Gaskiya ina cikin damuwa. Tsofaffin nan in suna magana rabi nake ganewa, abokan aikina ma idan suna miƙa aiki da safe gudu suke yi da magana. Na gaji da cewa su maimaita, ina jin kunya kar a ce ban iya Turanci ba ko ban san aikina ba, sai kawai in gyaɗa kai in ce to. Ina komawa gida in yi ta kuka. Me zan yi?

AMSA: Lafiya lau 'yar uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada don aikin nan da kike yi ba ƙarami ba ne. Saƙonki ya fi kowanne tsaya min a rai, kuma zan fara da abin da ba zai yi daɗin ji ba. Gyaɗa kan nan ki daina shi daga yau, don girman Allah. Ɗalibi in ya gyaɗa wa direban bas kai bai gane ba iyakarta ya wuce tasharsa, ke kuwa magani ne a hannunki da ran mutum, da lasisinki da kika sha wahala kafin ki samu.

Ga inda haɗarin yake. Su "ba" ɗinsu ta korewa a jikin kalma suke manna ta, gajeriya ce ƙwarai, can't ya zama "cannae", don't "dinnae", didn't "didnae", haven't "huvnae". Idan tsohuwa ta ce miki "Ah huvnae had ma tablets" tana nufin ba ta sha maganinta ba, in kunnenki bai kama ɗan "nae" ɗin nan na ƙarshe, da ake ji kamar "ni", ba sai ki ji kamar ta ce ta sha. Ki horar da kunnenki a kan wannan kafin komai, ko da sauran za su jira. Haka lokaci, "the back of eight" yana nufin takwas ta ɗan gota, "half eight" kuma takwas da rabi. Duk abin da ya shafi magani ko lokaci ko adadi, ki maimaita musu da bakinki abin da kika ji su tabbatar, sannan ki duba takardar magani. Wannan ba gazawa ba ce, ƙa'idar aikin ce, ko 'yan ƙasar haka aka koya musu.

Sai kalmomin jiki da ciwo, waɗanda babu su a littafin da kika karanta. Allura "jag" suke ce mata. "Sair" ciwo, "heid" kai, to "sair heid" ciwon kai ke nan. "Oxter" hammata, "lug" kunne, "the boak" tashin zuciya ko amai. "Ah'm no weel" ba ni da lafiya. "Wabbit" jiki ya mutu ba ƙarfi, "peely-wally" mutum ya yi fari fat kamar ba jini. In aka ce miki wance tana "greetin", kuka take yi, ba gaisuwa ba. "Messages" cefane ne, "piece" burodi ne da aka sa wani abu a tsakiya. In kika ce wa tsoho kar ya tashi shi kaɗai ya ce miki "how?", ba yana tambayar ta yaya ba ne, don me yake nufi, haka mutanen Glasgow ke faɗa. In kuma suka kira ki "hen" kar ranki ya ɓaci ki ce an ce miki kaza, kalmar ƙauna ce da suke kiran mace da ita. Ki sayi ɗan ƙaramin littafi ki sa a aljihun yunifom, duk kalmar da ta wuce ki ki rubuta yadda kika ji ta, lokacin shan shayi ki tambayi wata daga cikin abokan aikin da kika ga tana da sauƙin kai. Yawancinsu daɗi suke ji a tambaye su harshensu. Akwai kuma ƙamus na Scots a intanet kyauta, Dictionaries of the Scots Language, ki sa shi a wayarki.

Ki kuma tuna da wa kike aiki. Tsoho ne mai shekara 80 ko 90, wani ba haƙora, wani ya yi shanyewar ɓarin jiki, wani mantuwa ta kama shi ya koma maganar ƙuruciyarsa. Ko jikokinsu wani lokacin sai sun ce a maimaita.

Maganar kunya kuwa, bari in ba ki labarin da ya faru a bainar jama'a. A watan Oktoban 2018 a majalisar dokokin Birtaniya, David Linden, ɗan majalisa mai wakiltar gabashin Glasgow a lokacin, ya tashi ya yi tambaya a kan gyaran ginin majalisar saboda masu buƙata ta musamman. Wanda zai amsa, Sir Paul Beresford, haifaffen New Zealand ne, Turanci ne harshen uwarsa, ya shekara da shekaru a majalisar, amma ya ce bai gane ba a maimaita. Aka maimaita, ya sake cewa bai gane ba, ƙarshe mataimakin kakakin majalisa ya ba da shawarar a yi abin a rubuce. To in wannan bai ji kunyar cewa a maimaita a gaban kyamara ba, ke da kika zo wata uku da Turanci a matsayin harshe na biyu ko na uku me zai sa ki ji? Ki samu shugabar sashenku ki gaya mata kai tsaye cewa kina so a riƙa rage gudu wajen miƙa aiki, kuma a ba ki a rubuce.

Abu na ƙarshe, su ma fa suna fama da namu lafazin, musamman tsofaffin da ji ya yi musu rauni. Mu Hausawa p da f suna haɗe mana, kuma a aikinki pain da pill da pulse kullum suna baki. Ki riƙa haɗe leɓɓa sosai a kan p, ki fuskanci mutum ya ga bakinki, ki rage sauri. In kika sassauta sai ki ga su ma sun sassauta.

TAMBAYA: Malam ni ɗan Man U ne tun ina yaro, daga Maraɗi. Har yau in na kalli tsofaffin hirarrakin Ferguson ba na gane komai sai "very very". Shi wane irin Turanci yake yi, kuma 'yan wasan da suka zo daga wasu ƙasashe ya suke yi da shi?

AMSA: Sannu abokina, a gaida mutanen Maraɗi. Sir Alex Ferguson ɗan Govan ne, unguwar masu ƙera jiragen ruwa a bakin kogin Clyde a Glasgow, a nan aka haife shi a 1941, kuma duk da ya riƙe Manchester United daga 1986 har 2013 harshen unguwarsu bai bar bakinsa ba. Abin da kake ji a hira da 'yan jarida ma ya sassauta ne. Lafazin Glasgow shi ne wanda baƙi suka fi kuka da shi, har a 2009 wani kamfanin fassara na Landan ya ba da tallar neman masu yi wa baƙin 'yan kasuwa tafinta da shi. Abin da ke sa shi wuya sauri ne, da yanke t, da haɗe kalmomi uku huɗu su zama ɗaya, ga kuma muryar da ke hawa sama a ƙarshen magana, mu da kunnenmu ya saba da karin sauti sai mu ji kamar tambaya ake mana alhali bayani ne. Suna kuma cewa "yous" in suna nufin ku, su jefa "but" a ƙarshen jimla maimakon farko. Kar ka dogara da rubutun da YouTube ke fitarwa da kansa a ƙasan bidiyo, na'urar ma ruɗewa take yi. 'Yan wasa kuwa sabo ne kawai, kullum suna tare a filin atisaye kuma maganar ƙwallo ba ta da yawa. Ai ga Efe Ambrose ɗan Kaduna, ya je Celtic a 2012, ya yi shekaru a tsakiyar Glasgow ɗin, daga baya ya koma Hibernian a Edinburgh. Ka gwada sauraron Andy Robertson ko David Moyes, su ma 'yan yankin ne amma za ka fi saurin kama nasu, daga nan sai ka koma wa dattijon.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne, muna zaune a Dundee da iyalina, ina karatun digiri na uku. Yarana biyu suna firamare, yanzu in suna magana da juna ni da mahaifiyarsu sai mu tsaya muna kallonsu. Komai "ken", komai "dinnae", in ka tambaye su abu su ce "eh". Ina tsoron Turancinsu ya lalace, mu koma gida a yi musu dariya. In hana su?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya raya su ya yi musu albarka. A'a, kar ka hana su. "Ken" sani ne, mutanen gabashin ƙasar ke yawan faɗinsa, "eh" ɗin nan kuma tambarin Dundee ne, a can ko pie "peh" suke ce masa. Yaran ba lalacewa suka yi ba, harshen abokan wasansu suka ɗauka, kuma shi ne ya sa suka shiga cikin yara ba a ware su ba. Ka duba littattafansu na makaranta za ka ga daidaitaccen Turanci suke rubutawa, yara sun iya raba na filin wasa da na aji fiye da mu manya.

Wannan tsoron naka su kansu mutanen ƙasar sun daɗe da shi. Dattawa da yawa a can za su ba ka labarin yadda malami ya zane su da bulalar fata don sun ce "aye" maimakon yes a aji, sai a 1987 aka hana duka a makarantun gwamnati. An tashi tsararraki ana gaya musu maganar iyayensu maganar marasa ilimi ce, abin ya yi musu tabo sosai. Yanzu an juya, a watan Janairu za ka ga an ba yaranka waƙoƙin Scots su haddace, a 2025 kuma majalisarsu ta zartar da dokar da ta ba Scots da Gaelic matsayin harsunan hukuma. In kun dawo gida wata shida ya isa lafazin ya goge, sai dai ɗan abin da ba a rasa ba.

Ni abin da ya fi damuna a saƙonka, ka ce da junansu ma Turanci suke yi a cikin gida. Ina Hausar? Ita ce ba su da inda za su ji ta a Dundee in ba a bakinku ba. Ku mayar da ita harshen cin abinci da na hira bayan magariba, a riƙa kiran kakanni a bidiyo suna hira da su, in sun amsa da Turanci ku ci gaba da Hausa ba tare da faɗa ba.

TAMBAYA: Malam a taƙaice, wane gari ne Turancinsu ya fi sauƙi? Ina da admishan biyu ban zaɓa ba tukuna. Daga Kumasi.

AMSA: A taƙaice ɗan uwa, an fi yaba na Inverness da yankin tsaunuka, saboda kakanninsu Gaelic suke yi, Turancin ya shigo musu ne ta makaranta ba ta Scots ba, sai ya fito a hankali a fili. Na tsakiyar Edinburgh ma da sauƙi, amma ka shiga wasu unguwannin gefen gari ka ji wani abu daban. Glasgow da Dundee da ƙauyukan Aberdeen su ne masu kauri. Amma ni ban ba ka shawarar zaɓen makaranta saboda lafazi ba, ka duba kwas ɗin da kuɗin makaranta da kuɗin haya, haya a Edinburgh tana da tsada sosai. Duk inda ka zaɓa dai ka koyi faɗin sunayen wurare kafin ka je sayen tikiti, don rubutun daban furucin daban. Edinburgh "Edimbara" ake cewa, Kirkcaldy "Kakodi", Hawick "Hoik", Milngavie kuma da ke gefen Glasgow "Malgai".